Kotso da Madatsa: Gurbin Injiniya a Adabin Hausa

Gabatarwa

Abubuwa biyu ne suka fi kai sunan ƙasar Maradun nesa. Na farko shi ne kotson Alhaji Musa Ɗanƙwairo, makaɗin fada da ya rasu a 1991. Na biyu shi ne madatsar ruwa ta Bakolori da aka tare kogin Sakkwato da ita, aka kammala ta a 1978. Ɗalibin adabi yakan ɗauki na farko a matsayin gonarsa, ya bar na biyu ga injiniyoyi da masana tattalin arziki. Wannan maƙala tana ganin rabon bai yi daidai ba, domin ilimi guda ne ke bayanin fatar kotso da injin da ke ƙarƙashin madatsa, wato ilimin jijjiga. Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: me ya sa adabinmu, na baka da rubutacce, ya iya wasa sarki da manomi da ɗan dambe, amma ya rasa yadda zai yi da mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa wajen auna yadda abubuwa ke kaɗawa? Za a bi tambayar ta kan rayuwar Farfesa Ayodele Awojobi, injiniyan da ya yi karatu a Zariya, sannan a dawo da ita gida Bakolori.

Abin da makaɗi ya sani

Kowane abu mai nauyi da tauri yana da saurin kaɗawa irin nasa. Idan aka taɓa shi aka sake, da wannan saurin zai yi ta kai da komowa har ya lafa. Makaɗin kotso ya san haka da hannunsa tun kafin a rubuta shi a littafi. Idan ya matsa tsirkiya, fata ta ƙara ɗauri, murya ta hau. Idan ya sassauta, murya ta sauka. Danƙon da yake liƙawa a tsakiyar fata yana ƙara mata nauyi, sai amon ya yi kauri. Masana lissafi sun zo daga baya sun faɗi ƙa'idar da adadi: a fata mai kauri bai-ɗaya, sai an ninka ɗauri sau huɗu kafin saurin kaɗawa ya ninka sau biyu. Masanin nan na Indiya, C. V. Raman, wanda ya sami lambar Nobel a 1930, bai ga ƙasƙanci ba wajen zama ya nazarci gangunan ƙasarsa. A 1920 ya wallafa bincike kan yadda baƙin abin da ake liƙawa a tsakiyar fatar tabla yake daidaita muryoyinta.

Akwai wani lamari a wannan ilimi da za mu iya kira amshi, muna aron kalmar daga fagen waƙa. Idan jagora ya rera, 'yan amshi suka karɓa a daidai gaɓar da ta dace, waƙa takan cika ta yi ƙarfi. Haka idan inji yana bugun gini da saurin da ya zo daidai da saurin kaɗawar ginin, sai ginin ya karɓa, kowane bugu ya hau kan na baya, jijjiga ta yi ta girma. A waƙa wannan abin so ne. A gada ko harsashin inji kuwa halaka ne. A 1831 wata gada ta rufta a Broughton, kusa da Manchesta ta Ingila, lokacin da sojoji ke takawa a kanta ƙafa ɗaya. A watan Agusta na 2009, a tashar lantarki ta Sayano-Shushenskaya da ke Rasha, wani injin ruwa da ya daɗe yana jijjiga fiye da kima ya tsinke ƙusoshinsa ya yi sama, mutum 75 suka mutu.

Ba sai an je Rasha ba. Duk wanda ya taɓa kai niƙa ya ga yadda ake ɗaure injin a kan dakalin siminti, ya kuma ji ƙasa na rawa a tafin ƙafarsa. Motar lantarki mai juyi 1,500 a minti tana bugun dakalinta sau 25 a kowace daƙiƙa. Yaya girman dakalin zai kasance, nawa ne nauyinsa, wace irin ƙasa ce a ƙarƙashinsa, yashi ko laka ko tsandauri? Amsar waɗannan ce ke raba injin da zai shekara ashirin da wanda zai tsattsage bango cikin damina biyu. Wannan tambaya ta dakali da ƙasa ita ce Awojobi ya ba ƙuruciyarsa.

Rayuwa guda da yadda ake ba da labarinta

An haifi Ayodele Awojobi a 1937 a Oshodi ta Ikko. Ya yi karatun injiniya a Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya da ke Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma a wannan shekarar ya sami digirinsa na farko da daraja ta ɗaya, a ƙarƙashin Jami'ar Landan. Daga nan ya tafi Kwalejin Imperial ta Landan, ya kammala digirin dakta a 1966. Tun kafin ya gama, a 1965, shi da Peter Grootenhuis sun buga bincike a mujallar Royal Society kan yadda abu mai tauri yake jijjiga idan an ɗora shi a kan shimfiɗar da ke lotsawa tana dawowa, wadda zurfinta ba shi da iyaka. A taƙaice, lissafin dakali a kan ƙasa ke nan. Ya dawo ya koyar a Jami'ar Ikko. A 1974 Jami'ar Landan ta ba shi babban digirin kimiyya wanda ake bayarwa bisa tarin binciken da mutum ya wallafa, ya kuma zama farfesa yana da shekara 37. Ya rasu a 1984 yana da shekara 47.

Abin lura ga mai nazarin adabi shi ne siffar da labarin wannan mutum yake ɗauka duk lokacin da aka tashi bayar da shi. Abubuwa uku ake maimaitawa. Akwai laƙabin Turanci da ya bi shi, mai nufin cewa komai a wurinsa sauƙi ne da shi. Akwai motoci: yadda ya mayar da sitiyarin motarsa daga dama zuwa hagu a zamanin da Nijeriya ta sauya hannun tuƙi a 1972, da kuma motar da ya sa wa suna Autonov, wadda ake iya tuƙa ta gaba ko baya ba tare da an juya ta ba. Sai kuma siyasa, da ƙararrakin da ya riƙa shigarwa kotu yana ƙalubalantar masu mulki. Binciken jijjiga, wanda shi ne ya sa masana na duniya suka san shi, yakan sami jimla ɗaya ko biyu, a wuce.

Wannan zaɓi yana da illa. Laƙabin yana nuna mana mutumin da ilimi ya zo masa a ɓagas. Motar mai fuska biyu tana nuna mana mai abin al'ajabi. Idan aka haɗa su, sai a sami hoton wanda aka yi wa baiwa, kuma baiwa ba a koyonta. Yaron da ya ji labarin zai yi mamaki ya tafa, amma ba a nuna masa hanyar da zai taka ba. Shekarun zaman ɗakin gwaji, da lissafin da ya ƙi fita aka sake shi, da takardar da masu tacewa suka mayar a gyara, da darasin safe a gaban ɗalibai, duk sun zube daga labarin, alhali su ne ainihin rayuwar malamin jami'a mai bincike. An riƙe kirari, an yar da aiki.

Na'ura a rubutaccen adabinmu

Irin wannan hoto ba baƙo ba ne a wurinmu, domin ƙagaggun labaranmu na farko a kansa suka ginu. Gasar rubutu ta 1933 da Rupert East ya shirya ta haifar da littattafai irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Jarumin Imam yana cin nasara da wayo da sa'a da taimakon aljanu. Jarumin Kagara yana cin tasa da takobi da ƙarfin zuciya. Babu laifi a cikin wannan, daga tatsuniya da hikaya aka gado shi, kuma daɗin littattafan bai gushe ba har yau. Sai dai sun kafa wata al'ada: ƙarfin da ya wuce na mutum daga ɓoye yake zuwa, ba a tambayar yadda yake aiki.

Da na'ura ta shigo adabin, sai ta zauna a kujerar da aljani ya tashi. Aliyu Namangi ya yi wa keke waƙa a matsayin baƙon abu na zamani. Tauraruwa Mai Wutsiya ta Umaru Dembo, wadda ta fito a 1969, a shekarar da ɗan Adam ya taka wata, ta ɗauki yaro Bahaushe ta kai shi sararin samaniya. Littafin ya buɗe wa harshen sabuwar ƙofa, ya cancanci yabon da ake masa. Amma yaron fasinja ne. Wani halitta daga wata duniya ne ya zo da abin hawan, yaron nasa kallo da mamaki. Imam da East sun yi ƙoƙarin cike wani ɓangare na giɓin da jerin littattafan Ikon Allah, inda suka bayyana halittu da al'amuran duniya da Hausa mai sauƙi, suka tabbatar harshen yana iya ɗaukar bayanin kimiyya. To amma wannan littafin koyarwa ne, ilimi yake kawowa a shirye, ba ya nuna mana mutumin da ya sha wahalar gano shi.

A littattafan soyayya da suka mamaye kasuwa daga tsakiyar shekarun 1980, injiniya ya bayyana, sai dai da sunansa kawai. A yawancin waɗanda na karanta, Injiniya muƙami ne da ake liƙa wa saurayi don a nuna ya isa aure, daidai da Dakta ko Barista. Muna ganin motarsa da gidansa da tafiyarsa Turai. Ba ma ganinsa riƙe da ma'auni, ba ma ganinsa ya kwana yana tunanin ko harsashin da ya sa wa hannu zai ɗauki nauyi. Za a iya cire kalmar a sa Alhaji, labarin bai motsa ba. Idan sana'ar tauraro ba ta canja komai a labarinsa ba, to marubuci bai rubuta sana'ar ba.

Waƙar baka ta fi kusa

Abin mamaki shi ne adabin baka ya fi rubutacce kusantar abin da ake nema. Bahaushe yana da kiɗan sana'a tun fil'azal: na maƙera, na mahauta, na masunta, na manoma. Ɗanƙwairo kansa da waƙoƙin noma ya fara a bayan mahaifinsa kafin ya zama makaɗin fada. Waƙar noma tana yabon mutum da aikinsa, da sammakonsa, da yawan kuyyoyin da ya tayar, da damman da ya ɗaure. Ɗan Anace ya wasa Shago da abin da yake yi a fagen dambe, ana gani da ido. A nan akwai tsari da ya san cewa daraja daga gumi take fitowa.

Matsalar ita ce aikin mai bincike ba ya da fage. Ba a taruwa a dandali a kalli mutum yana warware lissafi, kuma nasararsa mafi girma ita ce abin da bai faru ba: gadar da ba ta faɗi ba, bangon da bai tsage ba. Makaɗin fada kuwa ubangida yake bi. Idan aka kawo babban aiki gari, wanda ya ba da umurni da wanda ya yanke kyalle su ne ke shiga waƙa, don su ne ke da riga da doki na bayarwa. Ba zargin makaɗi nake yi ba, da bazar ubangida yake rawa. Ina dai nuna inda tsarin ya tsaya, don marubucin yau, wanda ba ya jiran kyautar fada, ya san daga inda zai ɗora.

Bakolori

An fara ginin Bakolori a 1974, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin, a lokacin yankin yana cikin tsohuwar Jihar Arewa maso Yamma. Tafkin yana iya ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, an kuma tsara shayar da kadada kusan 23,000 a ƙasashen Maradun da Talatar Mafara da Bakura. An haɗa da ƙaramar tashar lantarki. Babban kaso na filin an tsara shi ne bisa ban-ruwa na feshi, wanda ya dogara da famfuna da wuta. Zuwa farkon shekarun 2000 tsarin feshin ya daina aiki, abin da ake nomawa ya ragu ƙwarai, har sai da aka shigar da Bakolori cikin shirin farfaɗo da noman rani da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014.

Injin da ya tsaya yana da dalilai da yawa, na kuɗi da na kayan gyara da na shugabanci. Amma duk wani makanike zai gaya maka inji ba ya mutuwa bai yi magana ba. Yakan canja murya. Ƙarfen da ke juyawa idan ya karkace, ko ƙwallayen da yake gudu a kansu suka cinye, jijjigarsa takan sauya tun da sauran lokaci, kuma a masana'antu na zamani da auna wannan sauyi ake sanin ranar gyara kafin ɓarna ta auku. Ƙasar da ta iya jin kotso ya sauka da rabin murya ba ta rasa kunne ba. Abin da ta rasa shi ne girmama mai sauraron inji kamar yadda take girmama mai sauraron ganga.

Sai dai Bakolori tana da wani darasi da ya fi wannan nauyi, kuma shi ne ya hana ni neman a yi wa injiniya kirari kawai. Ruwan tafkin ya cinye ƙauyuka da gonaki. Manoma sun yi shekaru ba su noma filayensu ba ana daidaita ƙasa, rikicin diyya ya yi tsanani, suka tare hanyoyin aikin. Ranar 28 ga Afrilu, 1980, a zamanin mulkin Shugaba Shehu Shagari, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan na waɗanda suka mutu, mutanen yankin da masu bincike sun ce ɗaruruwa ne. A ƙasan madatsa kuma, ambaliyar da fadamu suka saba sha kowace shekara ta ragu, shinkafa da kifi suka ja baya. Masana irin su Björn Beckman da W. M. Adams sun rubuta wannan tarihi da Turanci. An auna ruwa da ƙasa da siminti daidai, ba a auna mutanen da ke zaune a wurin ba.

A nan ne adabi yake da aikin da lissafi ba zai yi ba. A yi tunanin labarin da tauraronsa ɗan Maradun ne da ya yi karatun injiniya a Zariya, aka dawo da shi aikin madatsa, ya tarar gonar kakansa tana cikin taswirar da zai sa wa hannu. Ya san amfanin ruwan, ya san yunwar da farin shekarun 1970 ya jawo, ya kuma san kaburburan da za su nutse. Ko kuma malamar jami'a da ta auna jijjigar wani famfo ta rubuta rahoto cewa a tsayar da shi, aka ce mata lokacin shuka ne, a bari sai an girbe. Waɗannan mutane suna da abin rasawa, suna da zaɓi mai ɗaci, kuma iliminsu ne ya jefa su cikinsa. Da irin wannan ake gina babban labari a kowane harshe.

Abin da za a iya cewa

Wani zai ce adabi ba ajin kimiyya ba ne, kuma mai karatu ba zai sayi littafi don a koya masa lissafin dakali ba. Gaskiya ne, labarin da ya koma lacca ya mutu. Amma ba wanda ya ce waƙar noma littafin aikin gona ce, ga shi kuwa ba ta yiwuwa sai mawaƙi ya san garma da hauya da lokacin huɗa. Sanin sana'a shi ne ke ba yabo nauyi. Abin da ake nema ga marubuci shi ne ya zauna da masu aikin har ya san abin da ke hana su barci.

Wani kuma zai ce Hausa ba ta da kalmomin. Wannan maƙala ta yi bayanin jijjiga da amshi da ɗauri da nauyi ba tare da ta fita daga harshen ba, kuma garejin kowane gari cike yake da kalmomin da makanikai suka ara suka narkar. Harshen da ya ɗauki fiƙihu da ilimin taurari da hisabi a cikin waƙoƙin ajami ba zai gaza a kan famfo ba.

Na uku zai ce Awojobi Bayarabe ne, me ya haɗa shi da adabin Hausa? Zariya ce ta haɗa su. A ƙasar Hausa ya koyi sana'arsa, a makarantar da 'ya'yanmu ke shiga har gobe. Kuma muna da namu. Kwalejin kimiyya da fasaha da ke Talatar Mafara tana ɗauke da sunan Injiniya Abdu Gusau. Ɗalibai suna wucewa ta ƙarƙashin sunan kullum. Da za a tsayar da su a tambaye su me ya gina, wace matsala ya warware, zai yi kyau a ce akwai littafin Hausa da za a miƙa musu.

Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa adabinmu ya karɓi na'ura a matsayin abin al'ajabi, ya karɓi injiniya a matsayin muƙami, kuma ko labarin masani na gaske irin Awojobi yakan faɗa cikin wannan ma'auni, a tuna motarsa a manta bincikensa. Ta nuna cewa waƙar sana'a ta riga ta share hanyar yabon mutum da aikinsa, sannan Bakolori ta isa hujja cewa yabo kaɗai ba zai wadatar ba, sai an haɗa da tuhuma. Abin da al'umma ke rerawa shi yaranta ke sha'awar zama. Yaron Maradun da ya tashi yana jin kotso, yana kuma ganin famfunan da suka yi tsatsa a bakin magudanar ruwa, yana da haƙƙin ya sami labari a harshensa da zai gaya masa cewa kunnen da ke gyara na farko shi ne ke ceton na biyu, kuma akwai mutanen da suka yi rayuwa mai daraja a kan wannan sauraro. Rubuta wannan labari ya rage ga marubutanmu, kayan aikin kuwa suna nan a ƙofar gida.